Kawu ya ce shekara 26, kwamfuta ta ce 15

Wata Lahadi ce bayan la'asar na je gidan Kawu a Cheetham Hill nan Manchester dan cin tuwon Anti kamar yanda na saba, ko takalmi ban gama cirewa ba ya miƙo min wayarsa ya ce kai ɗan boko zo ka duba min wannan abun, wai wani abokinsa a masallaci ne ya ce masa mutum zai iya ganin fanshon da gwamnati za ta ba shi tun kafin ya ajiye aiki. Na ce to Kawu bari in ci abinci tukuna. Ya ce a'a, tuwo ba ya gudu. Haka na zauna da yunwata muka shiga shafin gwamnati, muka yi ta fama da lambar NI, wato lambar inshorar ƙasa da ake rubuta kuɗin fanshon mutum a kanta, da fasfo da lambar da suke turowa ta waya, har dai abun ya buɗe.

Shekara 6 cikakku. Shekara 4 an rubuta ba su cika ba. Na Italiya kuwa ko alamarsu babu.

Wallahi na ga fuskar bawan Allahn nan ta canja. Ya ɗauki gilashinsa ya saka, ya cire, ya sake sakawa, kamar gilashin ne ya rage masa shekarun. Ya ce ɗana tun 1999 nake ƙasar Turawa, ban taɓa zama haka kawai ba, hannuna ga shi nan duba, ina sauran suka tafi? Kuma fa da gaskiyarsa, duk wanda ya san Kawu ya san ba rago ba ne. Ya bar Kano lokacin da masaƙar da yake aiki a Sharada ta fara sallamar mutane, ya shiga Italiya ba takarda, ya yi tsinkar tumatir a wajen Foggia, ya yi talla a Napoli, sai da aka yi afuwar nan ta 2002 zamanin dokar shige da fice ta Bossi-Fini sannan ya samu izinin zama a farkon 2003, ya hau arewa wajen Brescia ya shiga masana'antar narka ƙarfe. Ya samu fasfon Italiya a 2015, a watan Oktoban shekarar ya kwaso iyali suka dawo Ingila saboda karatun yara, irin yanda 'yan uwanmu da yawa musamman 'yan zangon Ghana suka yi a wancan lokacin.

Daga ranar zuwa yanzu kusan wata bakwai kenan ina cikin takardun Kawu, kuma abun da na gane shi ne mu shekarun da muka sha wahala muke ƙirgawa, su kuma abun da ya faɗa asusunsu suke ƙirgawa, sannan kowace ƙasa da irin mudunta. Ka je Dawanau ka auna gero da tiya, ka kai shi wata kasuwa a auna da wani kwano, geron bai canja ba amma lissafin ba zai zo ɗaya ba.

Abu na farko da ya kwantar masa da hankali kaɗan, rashin ganin shekarun Italiya a shafin Ingila ba kuskure ba ne sam. Shafin nan na HMRC, hukumar harajin Birtaniya, abun da aka biya a Birtaniya kaɗai yake nunawa, ko shekara 30 ka yi a Jamus ko Holan ba za ka gan su a wurin ba, kuma kuɗin da ka zuba a can ba a kwaso su a kawo nan, suna can inda ka bar su. Sai ranar da ka zo neman fansho sannan ofisoshin suke magana da juna, wannan ya tura wa wancan lissafin lokacin da ka yi a wajensa. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 883 ta 2004 ce ta tsara haka, kuma fitar Birtaniya daga tarayyar bai rushe shi ba, wanda ya shigo kafin 31 ga Disamba 2020 irin Kawu yarjejeniyar ficewa ta rufe shi, na bayansu kuma yarjejeniyar kasuwanci da aka yi daga baya ta ci gaba da haɗa shekarun. Amma a lura, haɗawar dan a tsallakar da kai ƙofa ne kawai. A Ingila sai kana da shekara 10 kafin a ba ka ko sisi, cikakken fansho kuma shekara 35, to in kana da 7 a nan da 12 a Italiya za a ce ka haye sharaɗin goman, amma kuɗin shekara 7 ɗin nan za a ba ka ba na 19 ba. Italiya ita ma ta biya ka nata kason daban. Fansho biyu, ƙanana biyu, kowanne da ranar shigowarsa.

Kawu ya ce to ai shikenan ba a cinye ba. Na ce ba a cinye ba Kawu, amma sai mun ga abun da Italiyan ta rubuta maka tukuna, kar mu yi murna da wuri.

Kafin nan muka tsaya kan guda huɗun da aka ce ba su cika ba, dan shi a ransa shekara 10 cur ya yi a Ingila yana aiki. Ta farko mai sauƙi ce. Shekarar haraji a nan ba daga Janairu take farawa ba, daga 6 ga Afrilu ne zuwa 5 ga Afrilu na gaba, wani tsohon abu ne da ya samo asali tun canjin kalandar da suka yi a 1752 kuma har yau ba su ga dalilin gyarawa ba. Kawu ya iso Oktoba, kafin ya samu lambar NI ya samu aikin kirki Janairu ta yi, wata uku ya yi yana ɗaukar kaya a wani sito shekarar ta ƙare. Abun da ya samu bai kai ma'aunin da ake buƙata ba, dan haka 2015 zuwa 2016 ba ta shiga lissafi ba. A Italiya kuwa shekara daga Janairu zuwa Disamba ce, to ka ga duk wanda ya yi ƙaura tsakanin ƙasashen nan biyu shekarar ƙaurarsa sai ta zama kamar an yanka ta biyu, wani ɓangare can wani ɓangare nan.

Ta 2018 zuwa 2019 ita ce ta fi ba ni haushi gaskiya. Shekarar ne bayansa ya matsa masa ya bar aikin sito, ya koma shara da goge-goge, wuri ɗaya da asuba wani wurin da daddare, kamfani biyu daban. Kowanne yana ba shi wajen fam 105 a sati, in ka haɗa 210 kenan. Amma ma'aunin shekarar fam 116 ne a sati, kuma ba a haɗa albashin kamfani biyu, kowanne shi kaɗai ake duba shi. Wannan bai kai ba, wancan bai kai ba, shekara guda mutum yana tashi ƙarfe huɗu na asuba cikin sanyin Manchester amma a takarda kamar yana gida yana barci. Da a wuri ɗaya ya haɗa awannin nan da shekarar ta cika tsaf. A ganina wannan ƙa'ida ba ta yi wa talaka adalci ba, dan masu aiki biyu-biyu ai su ne waɗanda suka fi buƙatar fanshon, mai babban albashi ina ruwansa. A shekarar 2025 zuwa 2026 ma'aunin fam 125 ne a sati, wato 6,500 a shekara, duk mai haɗa ƙananan ayyuka ya duba takardar albashinsa ya gani ko akwai guda ɗaya da ya haye ma'aunin shekarar da ake ciki.

Ta 2021 zuwa 2022 kuwa shi ma da kansa ya tuna, lokacin ne Hajiya kakarmu ta kwanta jinya ya tafi Kano ya yi wata bakwai har Allah ya karɓi abarsa. Da na karanto shekarar shiru ya yi, ya ce wannan kam ko sau goma ne zan sake.

Guda ɗaya ce tak kuskure na gaske, 2017 zuwa 2018. Ya rantse ya yi aiki daga farko har ƙarshe, kuma cikakken aiki. Anan ne Anti ta shigo labarin. Ta tashi ba ta ce komai ba ta shiga ɗaki, sai ga ta tana jan wata tsohuwar jaka irin mai zanen nan da muke kira Ghana-mos-go, zif ɗin ma ya mutu an ɗaure da ɗankwali. Ciki takardu ne maƙil, ta ɗaure su shekara-shekara da robar kuɗi, wasu robar ta narke ta manne a jiki, wasu sun yi ja saboda tsufa, ga warin kafur. Takardun albashi na Italiya da suke kira busta paga tun daga 2003, takardun haraji na ƙarshen shekara, P60 da P45 na nan, wato takardar albashi da haraji ta ƙarshen shekara da ta barin aiki, har da rasit ɗin kuɗin haya. Ashe sau uku Kawu yana cewa ta zubar da tarkacen nan lokacin da za su taso daga Brescia saboda kuɗin awon kaya, ita kuma ta cire atamfofinta biyu ta bar wa maƙwabciya ta saka takardun a madadinsu. Ta kalle shi ta ce Alhaji ga tarkacen. Bai tanka ba.

Da muka jera takardun shekarar a kan kafet sai ga shi ƙuru-ƙuru, ejansin da ya yi wa aiki wata biyar na farko sun juya lambobi biyu a lambar NI ɗinsa, inda 38 suka sa 83. An cire masa kuɗin, an kuma tura, amma ba a kan sunansa ya sauka ba. Muka yi kwafin takardun albashin da P45 muka rubuta wasiƙa zuwa HMRC muka yi bayani, bayan wasu makonni na sake shiga na ga shekarar ta koma cikakkiya. Shida ta zama bakwai. Ranar Kawu har kaza ya sa aka soya.

To sai Italiya, nan ne aikin yake. Hukumar fanshonsu INPS, takardar lissafin kuma estratto conto contributivo, Kawu yana faɗin sunan da wani irin Italiyancin Brescia mai haɗe da Kananci da sai ka ji. Shiga shafinsu daga waje sai da shaidar intanet da suke kira SPID, mun gwada mun gaji, sai wani dattijo ɗan Kumasi da suka yi zaman Italiya tare ya ce ku daina wahalar da kanku ku nemi patronato. Waɗannan ofisoshi ne na ƙungiyoyin ƙwadago da makamantansu, irin su INCA da ACLI, aikinsu kenan taimaka wa ma'aikaci kan fansho, neman fansho ta hannunsu ba a biyan kuɗi, kuma suna da rassa a Landan da wasu biranen Ingila saboda yawan 'yan Italiya. Kawu ya sa hannu a takardar wakilci muka tura da kwafin fasfo, suka ciro mana.

Su Italiya da sati suke awo ba da shekara ba, sati 52 shekara ɗaya, kuma fanshon tsufa sai kana da shekara 20, sati 1040 kenan, da shekarun haihuwa 67 wanda suke ɗan ƙara masa watanni in an ga tsawon rai ya ƙaru a ƙasar. Takardar Kawu ta nuna sati 452, wato kusan shekara 9, kuma daga Janairun 2006 ta fara. Ka haɗa da shidan farko na Ingila shi ne 15 ɗin da na sa a sama.

Na 1999 zuwa 2002 dai ba sai an faɗa ba, aikin baƙi ne kamar yanda suke kiransa, lavoro nero, a ba ka kuɗi a hannu da yamma ba wanda ya san da zamanka. Akwatin tumatir nawa ya cika a Foggia Allah kaɗai ya sani, amma ko sati ɗaya babu kuma ba za a samu ba. Shi ma bai yi musu ba a kan wannan. Amma 2003 zuwa 2005 fa, yana da izinin zama, yana da kwantiragi, ga busta paga a jakar Anti wata bayan wata?

Matar da take kula da fayil ɗinmu ce ta ce mu duba saman takardun albashin mu karanto mata codice fiscale na 2004 da na 2007. Muka duba, ba iri ɗaya ba ne. Ita wannan lambar haruffa da lambobi 16 ce, kuma ba haka kawai ake zaɓar ta ba, daga sunanka ake gina ta: baƙaƙe uku daga sunan mahaifi, uku daga sunanka, sai shekarar haihuwa da harafin wata da rana, sai lambar inda aka haife ka, Najeriya Z335 ce. To ka ga in sunan ya motsa lambar ma ta motsa. A ce sunanka Abdullahi da L biyu, za a ciro BLL, in wani ya rubuta Abdulahi da L ɗaya sai ya koma BLH, ka zama wani mutum daban kenan a idon kwamfuta. Shi Kawu da ya sabunta fasfonsa na Najeriya a ƙarshen 2005 sai aka juya, sunansa ya koma gurbin sunan mahaifi na mahaifi ya koma gurbin nasa, izinin zama ya bi sabon fasfo, aka fitar masa da sabuwar lamba, ya kuma canja wurin aiki a daidai lokacin, shikenan shekara uku suka zauna a ƙarƙashin wani mutum da babu shi. Mu Hausawa wannan abun yana cin mu sosai dan asali ba mu da sunan dangi irin na Turawa, yau ka sa sunan uba, gobe na kaka, jibi sunan garinku, ga ranar haihuwa rabinmu 1 ga Janairu, shi ma Kawu 1 ga Janairun 1962 ke fasfonsa alhali Hajiya ta sha faɗa mana da damina aka haife shi ana tsakiyar noman gyaɗa.

Sai da aka fara zuwa wajen hukumar harajinsu aka tabbatar lambobin biyu na mutum ɗaya ne, sannan aka nemi a haɗe asusun biyu. Ya ɗau lokaci amma ya yiwu, sati 148 suka dawo, 452 ta zama 600 cif.

Wani abun da ya ba Kawu mamaki, 2009 da masana'antarsu ta tsaya saboda karyewar tattalin arziki suka yi watanni a gida ana ba su wani kaso na albashi, cassa integrazione, shi ya ɗauka shekarar ta tafi a banza, ashe an rubuta masa ita cikakkiya dan doka ta ce a ƙirga irin wannan lokacin kamar an biya. Wadda yake tsoro ta fito lafiya, wadda bai taɓa zargi ba ita ce ta zo da rami. 2013 da 2014 yana aikin rabin rana, ya je aiki kowane sati amma an rage masa sati 25 a shekara biyun, saboda su ma suna da mafi ƙarancin albashin da sai ka kai shi a ba ka cikakken sati, in ba ka kai ba sai a matse satuttukan daidai gwargwado. Wannan ba kuskure ba ne, mudun kenan.

Sai 2010. Bayan masana'antar ta rufe gaba ɗaya ya shiga wata ƙungiyar 'yan dako irin cooperativa ɗin nan da suka cika arewacin Italiya, masu loda da sauke kaya a manyan sito. Takardar albashi kowane wata tana nuna an cire masa kasonsa, kashi 9 da ɗoriya cikin ɗari, amma sati 30 babu su a lissafi, masu ƙungiyar sun cire ba su kai ba, daga baya suka rufe suka buɗe wata da sabon suna. Da a ce ya duba da wuri da an bi su, dan a dokar Italiya bashin irin wannan kuɗin shekara 5 yake yi ya mutu, kuma matuƙar bai mutu ba ma'aikaci ba ya asarar haƙƙinsa dan mai gida ya ƙi biya. Shekara 15 ta wuce yanzu. Hanyar da ta rage ita ce wadda suke kira rendita vitalizia, ka kawo takardun shaida na wancan lokacin ka biya daga aljihunka a mayar maka da satuttukan. Wato a sace maka sannan ka sake saye. Kawu da ya ji haka ya yi wata addu'a a kan masu ƙungiyar nan da ba zan rubuta ta a nan ba.

Da muka zauna da biro da takarda sai lissafin ya fito haka. 600 na Italiya, shekara 7 na Ingila sati 364, jimla 964. Saura 76 ya kai 1040. Wato da yau zai ajiye aiki, Ingila za ta ba shi nata dan shekarun Italiya sun tsallakar da shi goma, amma Italiya sai ta ce bai kai 20 ba. Ramukan Ingila da muke gani kamar ƙananan abu ashe har ƙofar Italiya suke tarewa. Sa'ar da aka yi yana da sauran lokaci, a takarda zai cika 67 ranar 1 ga Janairun 2029, shekarar harajin da mutum ya cika shekarun fansho a cikinta ba a ƙirga ta, dan haka uku suka rage masa, in Allah ya ba shi lafiya ya cika su ya zama yana da 10 a nan, jimla sati 1120, ya haye ba sai ya sayi na 2010 ba. Akwai kuma wani sharaɗin ga duk wanda ya fara biya a Italiya daga 1996, sai fanshon ya kai wani mafi ƙaranci, ɗan sama da Yuro 500 a wata, in bai kai ba a jira har shekara 71, patronato sun ce za su yi mana wannan lissafin in lokaci ya matso. Dan su Italiya ba kamar Ingila ba ne da kowace shekara kuɗinta ɗaya ko kai manaja ne ko mai shara, su abun da aka tara maka ne, kashi 33 cikin ɗari na albashi tsakaninka da mai gida, shi ake juyawa ya zama fansho.

Na Ingila kuwa lissafinsa ko ɗan firamare zai yi. Cikakken fansho a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 230.25 ne a sati, ka raba 35, kowace shekara tana kawo wajen fam 6.58 a sati. Shekara 10 fam 65 da 'yan kai kenan. Kawu ya ce a sati? Na ce a sati. Ya ce ko kuɗin wuta da gas. Na ce shi ya sa muke bin kowace shekara kamar bashi.

Ana iya sayen shekarar da ba ta cika ba, a shekarar 2025 zuwa 2026 fam 17.75 ne kowane sati, cikakkiyar shekara 923, in kuma saura kaɗan ta cika abun da ya rage kawai za ka biya, shafin yana nuna adadin. Shekara ɗaya tana ƙara maka wajen fam 342 a shekara har ƙarshen rai, kafin shekara uku kuɗinka ya dawo. Amma shekara 6 baya kawai ake iya komawa. An yi wani rangwame na musamman da ya bari a koma har 2006, aka rufe shi ranar 5 ga Afrilun 2025, mu kuma sati uku bayan nan muka buɗe shafin nan a karon farko. Sati uku! Ta 2015 da ta 2018 duk sun tafi, kuma ta 2015 ɗin da kuɗi kaɗan za ta cika. Abun nan ya tsaya min a rai dan ni na ji ana maganar rangwamen a wurin aiki, ban kawo Kawu a raina ba ko sau ɗaya, ina zuwa ina cin tuwo ina tafiya. Ta 2021 ce ta rage, tana da lokaci har 5 ga Afrilun 2028. Mun kira layin masu ba da shawara kan fansho na DWP, ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya, kafin mu biya, dan ba kowa ne biyan yake ƙara masa komai ba kuma in ka tura kuɗin dawo da su aiki ne, suka tabbatar za ta ƙara masa, yanzu yana tara kuɗin ta adashin masallaci.

Ya tambaye ni shekara 11 da ya yi a masaƙa a Kano fa, ai ana cire musu wani abu. Ana cirewa kam, zamanin asusun ajiyar ma'aikata na Najeriya NPF da ya koma NSITF, kuma bayan dokar fansho ta 2004 an mayar da kuɗin mutane hannun kamfanin fansho na Trustfund, wanda yake da shaidarsa yana iya bi. Amma ba za su shiga wannan lissafin ba, Najeriya ba ta da yarjejeniyar haɗa shekaru da Birtaniya ko Italiya. Kuma rashin yarjejeniyar yana da wani cizon a gaba, dan burin Kawu ya koma gidan da ya gina a Rijiyar Zaki ya huta. Za a tura masa fanshon Ingila har Kano ba matsala, amma a kan adadin da ya tafi da shi zai daskare, ƙarin da ake yi duk Afrilu ba zai same shi ba, haka na Ghana ma. Wanda ya koma Italiya ko Amurka ko Jamaika ana ƙara masa, na Kano da Kumasi babu. Ya ce to fam dai fam ne in an canja shi a Wapa. Na ce haka ne Kawu, amma shekara 15 fam ɗin yana tsaye buhun shinkafa yana tafiya fa. Ya ce kai dai ba ka iya kawo labari mai daɗi ba.

Satin da ya wuce muna tattara takardun muna mayarwa jaka, na sayo musu fayil mai roba-roba dan a daina ɗaurewa da ɗankwali, sai Anti ta ce ɗan nan ni ma duba min nawa. Kawu ya yi dariya ya ce ke da ba ki taɓa karɓar albashi a ƙasar nan ba me za a gani. Na ce bari dai mu duba tunda tana da lambar NI. Muka shiga. Shekara 5 cikakku, daga 2016 har 2021, babu rami ko ɗaya. Ashe kuɗin tallafin yara da sunanta aka cike fom ɗin, kuma duk wanda yake karɓar sa a kan yaron da bai kai shekara 12 ba ana rubuta masa satin kamar ya biya, autansu kuwa sai Agustan 2021 ya cika 12. Har da 2018 ɗin da shi ya rasa yana sharar asuba, ita tana da ita.

Kawu ya karɓi wayar ya saka gilashi ya ƙirga da yatsa. Ya ce biyar, ni da na karya bayana bakwai. Anti ta ce Alhaji yara huɗu da girki da wanki da kai su makaranta cikin ruwan sama, Bature ma ya san aiki ne, kai ne dai ba ka sani ba. Ta juyo ta ce ɗan nan saura nawa in kai goman? Na ce biyar Anti. Ta ce to rubuta min nawa ake sayen shekara ɗaya, kuɗin masa da nake soyawa ranar suna ba a kan sunan kowa yake ba.